Miliyan Ɗaya da Ashirin da Uku

Ba zan taɓa mantawa da ranar da sufeton makarantu ya shigo ajina a garin Cadawa ba. Lokacin ina malamin lissafi na kwantiragi, kuma rahotonsa ne zai sa a ɗauke ni aiki na dindindin ko in ci gaba da lallaɓawa.

Darasin ranar a kan lambobin da ba su rabuwa ne, irin su bakwai da sha uku, waɗanda babu mai raba su daidai sai ɗaya da su kansu. Ni kuwa na ga bakwai ta yi ƙanƙanta a gaban babban baƙo. Sai na haddace wata ƙatuwa mai wannan hali: miliyan ɗaya da talatin da uku.

Na ɗauki alli ina taƙama (har da gyara wuyan riga), na rubuta 1 000 023. Ban lura hannuna ya ci amanata, ya sa ashirin a wurin talatin ba.

Na ce, "Wannan ba ta rabuwa. Duk wanda ya raba ta, babur ɗina nasa ne!"

Can baya sai Rakiya, yarinyar da ba a cika jin muryarta ba, ta ɗaga hannu, ta kira ni da "Mushe", yadda yaranmu ke kiran malami da Faransanci.

"Mushe, ba kai ka koya mana a tara ƙwayoyin lamba ba? Ɗaya da biyu da uku, shida ke nan. Shida kuwa uku na raba ta, ke nan ita ma wannan uku za ta raba ta."

Na ce, "Zauna, ba ki gane ba." (Allah Ya yafe mini wannan.)

Sufeto ya ce, "A'a, ba ta allin."

Ta fito, ta raba, ta samu 333 341, ko ɗigo bai yi saura ba. Yara suka ɗau ihu: "Babur! Babur!" Na zaro makulli na miƙa mata, don magana zarar bunu ce. Ta noƙe, ta ce, "Mushe, ko keke ban iya ba." Sufeto ya yi dariya har da share hawaye.

A buron darakta, wato ofishin shugaban makaranta, na tsaya ina jiran hukunci. Sai sufeto ya ce, "Malam, na sha ganin yara masu hadda. Yau na ga wadda ta riƙe ƙa'ida har ta kama malaminta da ita. Wa ya koya mata?"

Na ce, "Ni ne," da murya irin ta wanda bai yi abin kunya ba.

An ɗauke ni aikin. Rakiya kuwa yanzu ita ke koyar da lissafi a garin Gazawa, kuma duk inda na zauna sai na faɗa cewa ɗalibata ce.

Abin da na koya: in za ka cika baki, ka cika shi a gaban waɗanda ba ka koyar da kyau ba.