Lambar da Ta Ƙi Karanta Masa

"...ya jikin? Au, ashe kana nan ba ka tafi ba? Na yi asarar kuɗin mota."

Da wannan gaisuwa tsohuwar ta shigo ɗakin marasa lafiya, ta ja kujerar roba zuwa gadon mai gyaran agogo. Ni ina gadon kusa, ƙafata a ɗaure, ba ni da aiki sai kasa kunne. Taubashiyarsa ce, 'yar ƙanwar babansa, tela. Kwana tara muna tare da mutumin nan ban ga haƙoransa ba sai ranar. Likita kuwa ya riga ya ja 'ya'yansa gefe, duk ɗakin mun san ma'anar haka.

"In tafi in bar baiwata ga wa?" in ji shi. "Ko kyauta aka ba da ke, sai an haɗa da ban haƙuri."

"Jiki ya kwanta, baki ya ƙi. Ka dame ni da kira kamar gobara. Ga ni."

"Kin zo da wayar?"

Ta yi kamar ba ta ji ba, ta hau gyara masa bargo.

A hirarsu na tsinci zancen. Shekara shida da suka wuce 'yarta ta buɗe mata asusun banki a waya. Da yake idonta ba ya ganin ƙananan rubutu, sai aka sa lambar wayarsa. Duk sanda za ta biya mai yadi, banki zai turo masa lambobi shida na tabbatarwa, dole ta kira shi ya karanto mata.

"Shekara shida ina gadin ƙofarki," ya ce, "ko na gode babu."

"Gadi ko fashi? Ka karanta uku ka tsaya, wai sai na ce ranka ya daɗe ubangidana."

"Da ba don ni ba fa? Ran da ɓarawon nan ya kira ki wai daga banki yake, za a rufe asusunki, ba har da 'sannu da aiki ɗana' kika yi masa ba? Da lambar na hannunki, da kin ba shi har da keken ɗinki."

"Ai na turo shi wurinka. Na san sai ɓarawo ke maganin ɓarawo."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Ta miƙa masa ruwa tana kallon taga.

"Yau za a mayar da ita wayarki," ya ce da numfashinsa ya dawo. "'Yarki ta shirya komai. Za su turo mini ta ƙarshe in amince, sannan su turo miki taki."

"Ba na so."

"In layina ya mutu aka ba wani, saƙon kuɗinki wayar baƙo zai riƙa shiga. Ba a fafe gora ranar tafiya."

"Wace tafiya? Kai da ko kasuwa sai an ja ka? Mugun iri ba ya saurin ƙarewa, kai za ka binne mu duka."

"Sabo turken wawa."

"To wawan ce ni! In aka mayar, da wane dalili zan riƙa kiranka? Ka ɗauka don daɗin muryarka nake yi?"

Wallahi tausayi ya kama ni, har na juya fuska bango. Shi kuwa sai ya miƙa mata hannu.

"Miƙo wayar, baiwa. Kuma ki ji da kyau. Lambar nan ba a faɗa wa kowa. Ko ya ce shi ne mai bankin, ko ya yi kuka, ko ya yi muryar 'yarki. Kowa."

Ta ciro wayar daga jaka ta dangwara masa a ƙirji. Hannun da ya shekara arba'in yana kama ƙananan kusoshin agogo, yau da ƙyar yake samun maɓallan wayarta. Wayarsa ta yi ƙara, ya danna abin da zai danna, ya mayar mata da tata. Can tata ma ta yi ƙara. Ta kai ta kusa da hanci, ta nisanta, ta ƙanƙance ido.

"Karanto mini in ji ko daidai ne," ya ce.

"Bakwai..." Sai ta tsaya, ta kife wayar a cinya. "Malam, kai wane ne?"

"Ubangidanki."

"Ban san ka ba."

"Ni ne fa na goya ki kina majina!"

"Ko ubana ne ya dawo. An ce kada in faɗa wa kowa."

Ya kwashe da dariya har gadon na motsi, hawaye na gangarowa cikin kunnensa. Ya zare tabarau daga fuskarsa ya danƙa mata a hannu.

"Kin ci. Na 'yanta ki. Sa ki karanta da kanki."

Ta sa, ta duba wayar, ta cire ta goge da bakin mayafi, ta sake sawa.

"Tabaranka ma irinka ne, na banza. Duk ruwa, ba na ganin komai."

"Ido za ki goge, 'yar'uwa," ya ce a hankali. "Gilashin lafiyarsa lau."