Kaka a Raga

"...lafiya lau, sai gajiya. Kai fa, ya ƙafar?"

"Ƙafa tana nan inda kika bar ta."

Tun da aka yi wa tsohon aiki a ƙugu ya ƙi taka ƙasa. Likita ya ce in bai fara tafiya ba ƙafar za ta sandare, shi kuwa ya rataya tawul a kan sandar ƙarfen da aka ba shi. Jikarsa, malamar motsa jiki a makarantar 'yan mata, ta biyo daga wurin aiki da la'asar, ta tarar ya jera kwalaben magani da murafensu a kan faranti.

"Angona, kantin magani ka buɗe?"

"Ke dai ba ki da ido, amarya. Kulob ɗin masaƙa ne. Kwalabe su ne gwanayen zamaninmu, murafe su ne yaran da kuke yi wa ihu. Yau za a raba gardama."

Ta zube a kujera ta cire takalmi. "Yarana sun sha uku da nema ɗazu. Ba ni murafen, ko a faranti in ci wasa."

"Ga Gatari da Ƙofa a baya. Allura a tsakiya, shi ke raba ƙwallo. Mai Hagu ya bi gefe ya yanko wa Tsawa, ya sa kai. An tashi."

"Gatarin da aka ce ya fi karɓar jan kati fiye da albashi?"

"Sharri ne. Mutane ne ke faɗo masa a ƙafa."

"To ni mutum uku zan zuba a tsakiya su shaƙe Allura. In bai samu ƙwallo ba, Tsawa sai ya nemi tabarma. Sannan in saki Babur ta dama."

"Babur? Wannan mai ƙafa kamar tsinken tsintsiya? Tari Ƙofa zai yi ya faɗi."

"Sai ya kamo shi tukuna. Wace ce wannan doguwar kwalbar maganin tarin a raga?"

Tsohon ya gyara hula. "Kina tambaya? Katanga ke nan. Mijinki."

"Cire shi."

"Me?"

"Benci. Golan da ba ya iya zuwa bakin ƙofa? Daga tsakiyar fili zan ce a riƙa bugowa."

"Ni da na tare fenareti da haƙarƙari biyu a karye!"

"Bara ɗaya ka ce."

"Ɗayan daga baya aka gano."

Ta yi dariya, shi bai yi ba. Ya ɗauki kwalbar Allura yana juya ta a hannu.

"Kin san duk wanda na jera a nan ya riga mu gidan gaskiya? Mai Hagu ne na ƙarshe. Ni kaɗai na rage, kuma na gaji, 'yar nan. In na tashi ma ina za ni?"

Ita ma idonta ya yi nauyi. Can ta miƙa hannu ta tura murfi ɗaya gaba, ya wuce Gatari, ya wuce Ƙofa, ya tsaya a gaban doguwar kwalbar.

"Ga Babur ya tsere, daga shi sai gola. Su Allura suna kallo. Katanga yana kwance a gado. Na ci."

"Ba ki ci ba! Ai fitowa zan yi in rage masa raga."

"Da baki?"

"Da ƙafa, mara kunya!"

"Ban gani ba. Ɗaya da nema."

"Miƙo min wancan ƙarfen."

Ta yaye tawul ɗin ta miƙa masa. Ya yunƙura, ya koma. Ya sake yunƙurawa yana ambaton Allah, hannunta na bayansa ba ta taɓa shi ba, har ya miƙe. Ya ja ƙafar, ya sake ja, gumi na bin wuyansa.

"Ka ga, ba a fitowa da gudu," in ji shi yana haki. "A hankali, kana kallon ƙwallo, ba idon yaro ba. Sai ka buɗe hannu..."

"Kar ka buɗe! Riƙe ƙarfen!"

Sai da ya kai bakin ƙofa ya jingina da bango. Uwar malamar ta leƙo daga kicin, ta toshe baki da hannu ta koma.

"To, Babur ɗin ya ci?" in ji tsohon.

"Ya buga waje. Tsoron furfura ya kama shi."

"Alhamdu lillahi. Koci, a yi canji. Kawo kujera."

"Saura rabin lokaci. Wa zai mayar da kai gado?"

Tsohon ya dubi gadon, ya dube ta, dariya ta ƙwace masa har da tari.

"Allah ya haɗa ni da azzalumar mata. Na ji, kin ci. Gobe ki zo da yaran naki, in koya wa golarku tsayuwa."