An Tada Ɗiyata, An Zaunar da Ni

Jama'a, ku taya ni murna, da furfurata na koma lakwal, wato makarantar boko. Ranar Litinin tun da sanyin safiya na kafa motona, babur ɗina ke nan, a layin isansi, wato man fetur. Wani mai babbar mota kat-kat ya zo bayana ya riga ni sha, don shi isansin ya san fuskarsa. Da layi ya kawo kaina, mai famfo ya kaɗa mini hannu, wai ya ƙare. Haka na turo moto gida, na ɗare amalanken maƙwabcina Mati, muka nufi kwalejin garinmu, nan tsakanin Tasawa da Mayahi, domin an yi shela cewa uban da bai zo ba ba ya ƙaunar ɗansa.

Manyanmu ne, Allah ya ƙara musu sanyin biro, wato ofis, suka zauna a birni suka binciki abin da ya hana iyaye leƙa lakwal. Da ni aka tambaya, da na ce gona ce, da kasuwa, da tsoron a ce kawo kara a gyara rumfar aji. To, wa ya aike ni? Binciken masana ya gano cewa rashin Ingilishi ne, don haka aka ƙirƙiro shirin koya wa iyaye shi. Mu da Faransancin ma bai wuce mana gaisuwa ba, an ce mu tsallake rijiya mu faɗa kogi.

Ranar buɗe shirin an sallami yara, aka fito da teburansu aka jera wa baƙi. Mai Girma Sarkin Yankan Ƙyalle ya iso bayan azahar da jerin motoci, waɗanda na tabbata su suka shanye rabona. Ya yi jawabi da Faransanci a kan amfanin Ingilishi, tafinta ya juya mana da Hausa, muka tafa. Ya ce littattafai suna kan hanya. Na san hanyar nan, ita rufin kwanon ajin yaranmu ya biyo tun ina saurayi. Aka ci rago, aka watse.

Sai da ƙura ta lafa muka ga inda gizo ke saƙa. Malamin Ingilishi ɗaya ne tak a kwalejin, Mushe Gazali, kuma lokacin yara aka yanke aka ba mu. Ɗiyata Nana Firdausi bana za ta yi jarrabawar fita kwaleji, ga shi an mayar da ita gida tana tsintar wake, ni kuma ina zaune a teburinta, gwiwoyina sun maƙale kamar an ɗaure akuya a kwando. Ba ta yi kuka ba. Da na dawo ta kawo mini ruwa, ta durƙusa, ta ce, "Baba, in ranar jarrabawa ta zo, kai za ka shiga mini?" Na ajiye ruwan ban sha ba.

Karatun namu kuwa sai wanda ya gani. Mati ya ce shi bai ga abin da zai yi da wannan harshe ba, tunda jakinsa Hausa yake ji, ita ma sai ya ga dama. Furera mai ƙosai ta nemi a koya mata yadda ake cewa man gyaɗa ya yi tsada, ko a can waje akwai mai jin tausayi. Muka taru muka sami shugaban kwalejin, muka roƙe shi a mayar wa yara malaminsu. Bawan Allah ya buɗe tafin hannu, ya ce umurni daga sama ya zo, abin da ya zo daga sama kuwa, in ba ruwa ba ne, ba a tara masa ƙwarya.

A hanyar komawa Furera ta tsayar da mu. Ta ce, "Ku maza kun cika tsoro. An ce iyaye su zo. Wa ya ce kar tsoho ya zo da mai riƙa mishi tabarma?"

Da aka koma darasi, kowa ya zo da mai riƙon tabarmarsa, kuma abin mamaki duk ƴan ajin jarrabawa ne. Mushe Gazali ya dube mu, ya dubi yaran. Ya goge abin da ya rubuta mana a allo, ya ɗora daga inda ya tsaya da su. Yara suka zauna a teburansu, mu muka baje a baya muna cin goro. Daga nan ne Mati ya lura gara ta cinye ginshiƙin rumfar, washegari ya kawo itace ba wanda ya roƙe shi. Ni kuma na ji Nana Firdausi ta miƙe ta zuba wata amsa mai tsawo. Ban gane ko kalma ba, amma na gyara zaman hulata.

Ana haka sai ga Mai Girma Mataimakin Sarkin Yankan Ƙyalle ya faɗo ba sallama, wai zagayen dubawa. Muka ce yau Mushe Gazali ya rasa aikinsa. Mutumin ya ga aji maƙil, uwa ga ɗa, uba ga ɗiya. Ya nuna Mati ya ce ya faɗi abin da ya koya. Mati ya miƙe da la'asar sakaliya ya ce "gud monin". Mai Girma ya kusa hawaye. Ya ɗau hoto, ya ce bai taɓa ganin shirin da ya haɗa iyaye da lakwal kamar wannan ba. Furera ta ce to a ƙaro malami. Ya ce za a kafa kwamiti, amma tuni an amince da sabuwar mota don bibiyar nasarar.

Mu dai yaranmu na karatu, ko ta bayan gida ne. Yanzu kuma na ji ƙishin-ƙishin wai baɗi kakanni za a ɗauka. Na gaya wa Inna, mahaifiyata, ta ce ita a shirye take, sai dai ta ji harshen nan sai an sa harshe tsakanin haƙora. Ita kuwa biyu suka rage mata, kuma ba maƙwabtan juna ba ne.