Jajen Fara

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da na yi wa Bature jajen fara ba. (Ke mai rubuta mini, sa shi yadda na faɗa, kar ki gyara.)

A shekarun tamanin ne, ina sabuwar zuwa Landan, muna zaune a flat ɗin council, gidan haya na hukuma, a unguwar Whitechapel. Malam, mijina, Allah ya jiƙansa, har yau in na ambace shi sai hawaye, yana dako a wani sito da ake sauke jatan lande daga ƙasashen ƙanƙara. Ranar da ya fara kawo shi gida, na ga abu ja mai gashin baki, na ce ba zan ci ba. Ya dube ni ko murmushi babu, ya ce, "Haba Hajiya, fara ce fa. Farar Turawa. Sanyi ne ya kaɗe mata fukafukai." Ya ce wata daga Norway take, wata daga Kanada, mafi yawa daga Greenland, wato koriyar ƙasa. Na soya da yaji, na cinye har kai.

Sai abin ya riƙa damuna. Kullum Malam na ba ni labarin manyan motoci cike da kwalaye. Na ce a raina, ƙasar da ake kwasar fara haka, ai ko kara bai rage a gonakinsu ba.

Rannan maigidansu ya haɗa liyafa, ya gayyaci ma'aikata da matansu. Lokacin ana shirin naɗa shugaban 'yan dako, Malam kuma ya ƙwallafa rai. A cikin tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, yana ta jan kunnena: "Ki gaishe su kawai, ki yi shiru."

Aka nuna mana babban baƙo, mai jiragen da ke kawo kayan daga Greenland. Ni kuwa ba a haife ni in ga mai asara in wuce ba. Na rusuna, na tattaro ɗan Turancina, na ce masa sori, sori ƙwarai, fara ta cinye muku gonaki, Allah ya mayar da alheri. Da na ga bai gane ba, na ɗaga jatan lande ɗaya, na buɗe hannuwa ina kwaikwayon tashi sama.

Maigidan ya juya ga Malam, ya ce ya fassara. Bawan Allah yana gumi ya bayyana ƙaryarsa tun daga farko. Baƙon ya yi dariya har da riƙe tebur, ya ce su gonarsu teku ce, da taru suke girbi a ƙarƙashin ruwa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Muƙamin dai Malam ya samu. Maigidan ya ce wanda ya iya sayar da jatan lande a matsayin fara, ai ba ƙaramin ɗan kasuwa ba ne.

Tun daga ranar, in Malam ya faɗi magana fuska a ɗaure, sai na tambayi maƙwabta. Yanzu kowa gaskiya yake gaya mini, ga ta nan ba gishiri.