Ranar da Na Ce wa Mai Tausa "Da Sauƙi"

Jama'a, makon jiya wuyana ya tafi yajin aiki. Na ɗauko kaya a mota na biyo titin nan namu, wanda Mai Girma Sarkin Alkawari ya zo ya yanka wa ƙyalle tun jikata ba ta fara rarrafe ba, yanzu ga ta har ana aikenta kanti. Tayar gaba ta faɗa wani rami, na ji ƙas a ƙeyata. Shi ke nan. In zan kalli hagu sai na juya da kafaɗu da ciki gaba ɗaya, kamar an ɗaure ni a jikin katako.

Direban da ba ya waiwaye kuwa sunansa fasinja. Washegari ina yin baya a bakin sito na goge musu ƙofa. Mai motar mutum ne mai kawaici, bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Baba direba, je ka nemi lafiya. In wuyan nan bai juya ba kafin lodi na gaba, makulli zai koma hannun wani." A shekaruna, makullin da ya bar hannunka ba ya dawowa.

'Yata ce ta ce akwai gidan tausa kusa da wurin aikinta, har ta kama mini wuri. Uwarta tambaya ɗaya ta yi: "Mace ce za ta taɓa shi ko namiji?" Aka ce namiji. Ta ce, "To a murɗe shi da kyau."

Maƙwabcina mai faci ya tare ni a ƙofar gida. "Kada ka je! Wallahi an ce tsirara suke yi wa mutum, su shafe shi da mai kamar za a gasa."

Na ce, "Kai rufe mana baki. Ramin da ya karya ni shi ke ciyar da kai. Ranar da aka gyara titin nan kai za mu kai asibiti."

To ga wanda bai taɓa zuwa ba, bari in faɗa muku yadda abin yake, kada mai faci ya ruɗe ku. Abin da ya fara tsorata ni shi ne babu layi. Ni da na tsufa a layin mai, na shiga wuri aka ce bismilla zauna, ba wanda ya ce oga ya fita ka dawo gobe. Sai na fara zargin akwai wata a ƙasa.

Mai tausar wani ƙato ne, hannunsa kamar faranti, amma murya ƙasa-ƙasa. Ya zaunar da ni yana tambaya: ina ne ke ciwo, tun yaushe, akwai hawan jini, an taɓa yi mini aiki, wane magani nake sha. Rabon da a tambaye ni abin da ke damuna tun lokacin neman ƙuri'a, su ma ɗin ba su tsaya jin amsa ba.

Ɗakin ƙarami ne, da siririn gado mai rami a wajen kai, inda za ka zura fuska ka kwanta rub da ciki. Ya fita ya ba ni wuri na cire riga. Riga kawai, mai faci, ka ji ko? Wandona na nan daram, ga tawul an lulluɓa mini. Ya dawo ya ɗumama mai a tafinsa, ya ce, "Baba, in na danna ka ji zafi, ka faɗa. Da bakinka nake aiki."

A nan na yi wautar. Ya danna babban yatsa a gefen wuyana, na ga taurari da rana tsaka. Ya ce, "Yaya?" Bakina da kansa ya ce, "Da sauƙi." Ku ma kun san mu. Mutum na kwance ƙafa a karye, ka ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Tun muna yara aka koya mana namiji ba ya raki.

Ya ce, "Madalla," ya ƙara ƙarfi. Yaya? Da sauƙi. Ya ajiye yatsa ya kawo gwiwar hannu. Ina leƙen takalmansa ta cikin ramin gadon, hawayena na ɗiga kusa da su. Har yabona yake yi: "Kai, Baba akwai juriya! Bari in shiga ciki sosai."

Da ya shiga ciki sosai ɗin, ban san lokacin da na ƙwala ihu ba. "Wayyo! Kai ɗan nan, kashe ni aka aiko ka ka yi?"

Ya ɗauke hannu cak. "Tun yaushe kake jin zafi?"

"Tun da ka taɓa ni."

"To me ya sa kake ce mini da sauƙi?"

"Gaisuwa ce."

Ya yi dariya har sai da ya dafa bango. Ya ce, "Baba, in kana jin zafi jikinka ƙanƙamewa yake yi. Ni kuma in na ji ya yi tauri, kai kana cewa lafiya, sai in ƙara. Kokawa muke ta yi da juna a banza."

Muka sake sabon lale. "Nan?" Na ce sama kaɗan. "Nan?" Na ce nan ne, ɗan albarka, amma a hankali. Ya bi wurin sannu-sannu, na ji wani ƙulli na warwarewa kamar igiyar kaya in an sassauta ta. Abin da na sani kuma, minsharina ne ya tashe ni.

Ya ce in tashi a hankali kada jiri ya ɗebe ni, in sha ruwa, kuma gobe zan ji kamar an yi mini duka, kada in tsorata. In kuwa hannu ya fara mutuwa, wannan aikin likita ne, ba nasa ba. Bai yi mini alkawarin komai ba, shi ya sa na yarda da shi.

Dukan na ji shi kuwa. Amma ranar lodi na waiwaya hagu, na waiwaya dama, na zura motar da baya cikin sito ko fenti ban taɓa ba. Mai motar ya kalle ni, ya kalli ƙofar, ya juya ya ci gaba da lissafin kayansa. Makulli na aljihuna yanzu da nake muku wannan surutu.

Jiya sai ga wani Mai Girman kuma, Uban Kwamitoci, ya zo duba ramin, da jerin motocin da kuɗin man da suka sha kaɗai ya isa ya cike shi. Ya tsaya nesa kaɗan saboda takalmi, ya ce, "Jama'a, yaya titin?" Unguwa gaba ɗaya ta amsa, "Da sauƙi, ranka ya daɗe!" Muryar mai faci ta fi ta kowa.

Ni da na yi karatu a gadon tausa, na matsa gaba na ce, "Ranka ya daɗe, akwai zafi. Sama kaɗan, wajen kwana."

Ya yi murmushi, ya ce za a kafa kwamiti, ya dafa ni a gindin wuya ya matsa, don mai hoto ya ɗauka. Daidai wurin ciwon ya kama, ko lalube bai yi ba. Ashe su ma sun san wurin, jama'a. Sassautawar ce ba a koya musu ba.