Ƙafar Kalifa

A wani gidan haya da ke bayan tashar mota a Funtuwa akwai wata matar aure, Barira, da ɗanta na fari wanda ake kira Kalifa saboda sunan kakansa ya ci. Yaro ne tubarkalla, ga kumatu ga damtse, haƙoransa shida, yana cin tuwo da hannunsa, kuma ya iya cewa "a'a" tun kafin ya iya cewa "Mama". Abu ɗaya ya ƙi yi a duniya, shi ne tafiya. Wata goma sha huɗu cif, Kalifa bai taɓa ɗaga ƙafa ya ajiye ta gaban 'yar'uwarta ba. Ko rarrafen ma bai yi irin na 'ya'yan mutane ba. Jan gindi yake yi, ya kafa hannu ɗaya a ƙasa ya tuƙa kansa, in kuwa ya nufi kwanon wani, mai ƙafa biyu ma sai ya yi da gaske kafin ya riga shi. Wandunansa duk sun huje ta baya, gwiwoyin kuma sababbi ful.

Da farko abin bai dami Barira ba. Ta kai shi awo, ma'aikaciyar asibiti ta lanƙwasa ƙafafun, ta miƙe su, ta tsayar da shi ya dafa benci, sannan ta ce lafiyarsa lau. Ta ce wani yaron sai ya kai wata goma sha takwas yake sakin hannu, in an wuce haka bai taka ba a dawo da shi. Barira ta koma gida da sanyin zuciya. To amma shi gidan haya ba a barin mutum da sanyin zuciyarsa ya kai la'asar. Maƙwabciyarta Maman Ilham tana da 'ya wadda ta taka a wata goma, aka saya mata takalmin nan mai kuka in an taka shi, don kada wani ya ce bai sani ba. Tun safe yarinyar ke zarya a ƙofar ɗakin Barira, takalmi na ƙara, uwar na biye da ita tana cewa, "Ki yi a hankali kada ki take Kalifa, shi yana zaune."

Barira ba ta da bakin ramawa. A gidan da ta tashi mace ba ta kama sunan ɗan fari, balle ta tsaya kare shi a gaban mutane. In an yabe shi ta kau da kai, in an kushe shi ta yi dariyar yaƙe ta ce, "Ai ragon banza ne." Sai dai ita kunya baki kawai take rufewa. Can cikin ranta son yaron nan take kamar ta haɗiye shi, kuma duk ƙarar takalmin nan a ƙirjinta take sauka.

Ana nan sai ga surukarta Hajiya Yalwa daga Ɗanja ranar wata Litinin, ta zo ganin likitan ido. An duba idon a ranar, an ba ta magani, amma ta ce tunda ta zo bari ta yi mako ta ga jikanta. Da ma ganin likita a wurin tsohuwa ai hanyar shiga ce. Tana zama ta miƙa hannu tana kiran yaron da sunan wasan da kakanni suke yi da jikoki.

"Ina maigidan nawa? Taho maza ka gaida matarka."

Kalifa ya dube ta, ya dubi ledar ƙuli-ƙulin da ke gefenta, ya kafa hannu a ƙasa ya ja gindi fuuu har gabanta. Hajiya ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi ta mayar, a zatonta idon ne.

"Barira, mene ne wannan?"

"Haka yake yi, Hajiya."

"Wata nawa?"

"Goma sha huɗu."

Hajiya ta yi salati a hankali, irin wanda ake yi in an ji rasuwar wani na nesa. Ta ce, "Ikon Allah. Ubansa fa a wata goma sha ɗaya ya taka. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wannan kam ba ta wajenmu ya ɗauko ba."

Barira ta gane ta wajen da ake nufi. Ta sunkuyar da kai ta tafi ɗora girki.

Washegari Hajiya ta ɗaura ɗamarar aiki. Ta sa kafinta ya buga keken katako mai ƙafa uku, irin wanda yara ke turawa. Aka kafa Kalifa a bayansa aka ɗora masa hannaye. Ya tsaya kamar abin kirki har Hajiya ta fara murmushi, sai ya sulale ya zauna, ya kifar da keken, ya kama wulwula tayar da yatsa yana ƙyalƙyala dariya. Ta kama hannayensa biyu tana yi masa tatata, shi kuma ya naɗe ƙafafu a sama yana lilo. Ta shafe masa gwiwoyi da man shanu, ya lashe abinsa. Ta tsaya nesa tana nuna masa ƙosai, kafin ta gama cewa "taso" ya iso a zaune ya karɓe. Ko a jikinsa, wai an tsikari kakkausa.

Abin da Barira ta lura da shi kuwa, duk ranar da Kalifa ya ba da kunya, sai watannin ubansa su ragu. Ranar Talata Hajiya ta gaya wa Maman Ilham cewa Auta, wato Hamisu mijin Barira, a wata goma ya taka. Ranar Laraba da mai tallan kuka ta shigo, aka ce mata wata tara. Zuwa Alhamis an sauko takwas, har da ƙarin cewa a ranar da ya taka ya bi akuya zuwa bakin rijiya. Barira tana tankaɗe tana ji, ta ce a ranta in tsohuwar nan ta ƙara mako biyu a gidan nan, to da ƙafarsa Hamisu zai je wurin raɗin sunansa.

A ranar Alhamis ɗin ne wasa ya ƙare. Bayan azahar Hajiya ta kira ta cikin ɗaki, ta dube ta daga wuya zuwa cibiya, duban da ya fi tambaya nauyi.

"Ki gaya mini gaskiya, 'yar nan. Ko dai kwanika kika yi masa?"

Barira ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Surukar tambayarta take ko ciki ta ɗauka tana shayarwa, don su tsofaffi a wurinsu nonon mai ciki shi ke kashe wa yaro ƙafa.

"Wallahi babu komai, Hajiya."

"To in ba wannan ba ne, goyo ne ya yi yawa, nono kuma ya sangarta shi. Jibi Asabar zan koma, da shi zan tafi. In yaye shi a can. Akwai wanzaminmu, tsaga biyu zai yi masa a bayan kowace gwiwa, jinin nawa ya fita. Ba zai yi kwana arba'in ba za ki gan shi da gudu."

"Hajiya, a asibiti sun ce..."

"Su na asibitin 'ya'ya nawa suka haifa? Ni tara na haifa, babu wanda ya share mini tsakar gida da wando."

Nan fa hankalin Barira ya tashi da gaske. Yaye ba baƙon abu ba ne, ta san wata rana za a kai shi gidan kaka. Amma yaron da bai shekara ɗaya da rabi ba, a cire shi daga nono rana ɗaya, a kai shi garin da bai san kowa ba, a sa masa aska a jiki don kawai ya ƙi yin abin da lokacinsa bai yi ba? Tsoro ya kama ta, haushi ya biyo baya. Ta fito tsakar gida ta tarar da shi yana yaƙi da murfin tukunya, ya ɗago ya washe mata haƙoran nan shida. Dole ta juya baya don kada matan gida su ga idonta.

Ta kai ƙara wurin mijinta. Shi Hamisu mutum ne mai sanyin hali, ba ya faɗa, ba ya zagi, ba ya kuma motsi sai dole. Takin zamani yake sayarwa, sana'ar da ke ci wata uku da damina, sauran watanni tara kuma yana ƙarƙashin bishiyar darbejiyar tsakar gida a kan tabarma yana jiran damina. Ta durƙusa ta zayyana masa komai. Ya saurara ido a lumshe.

"Inna ce fa, Barira. Me zan ce mata?"

"Ka ce mata a bari ya cika wata goma sha takwas ɗin."

"To, za a duba. Miƙo mini filon can."

Ba a duba ba. Juma'a ta zo ta wuce, Barira tana ta saƙa da warwara. Ta yi tunanin aika wa gwaggonta, ta tuna gwaggon cewa za ta yi ɗa ai na dangin uba ne. Ta yi tunanin cewa yaron na zazzaɓi, ta dube shi yana cin dankali da hannu biyu ta san ƙaryar ba za ta yi tsawon rai ba. Har roƙonsa ta yi a ɓoye a bayan ɗaki. Ta tsayar da shi jikin bango ta ja da baya taku biyu, ta ce, "Don Allah ka rufa mana asiri, ko ɗaya ka yi." Kalifa ya dube ta ya ce "a'a", ya zauna daɓas.

Ranar Asabar da hantsi Hajiya ta fito da jakarta, ta ɗora ledar kayan Kalifa a kai, wandunan nan masu huji suna leƙe. Matan gida suka fito sallama, kowace da 'yar tsarabarta da kuma kunnenta. Maman Ilham ce a gaba, takalmin 'yarta na ta kuka. Kalifa yana zaune tsakiyarsu yana cin igiyar jaka. Hamisu kuma yana inda aka san shi, ƙafa ɗaya kan ɗaya, hula a kan fuska.

Ganin taro ya sa Hajiya ta gyara tsayuwa, don mai labari ba ya son ya ga kunnuwa a banza.

"Ku dai ku yi mana addu'a. Ni hannuna ba ya riƙe yaro ya zauna. Ga Auta nan ku tambaye shi. Wata takwas, ranar wata kasuwa, na ajiye shi in ɗauko faifai, ina juyowa na ga wayam."

"Barira," in ji Hamisu daga ƙarƙashin hula, "zo ki matso mini da rediyon nan."

Rediyon yana daidai gwiwar hannunsa. Barira ta tsallaka tsakar gida ta tura masa shi tsawon yatsa huɗu, ta dawo.

"Sai bakin rijiya aka tsinto shi," Hajiya ta ci gaba. "Tun daga ranar ban ƙara goya shi ba. Safe da yamma yana kan ƙafarsa. Mutane har cewa suke, Yalwa, wannan ɗa naki ba ya gajiya ne?"

"Barira, rana ta iso ƙafata. Ja mini bakin tabarmar."

Ta je ta ja tabarma da mutum a kanta, har sai da ta yi nishi. Wata daga cikin matan ta rufe baki da mayafi. Hajiya ba ta gani ba, ko kuma maganin idon bai gama aiki ba. Ta sunkuya ta miƙa hannu ga jikanta.

"Taso, maigida, mota ba ta jira. In na yi maka irin yadda na yi wa ubanka, kai ma haka za ka zama."

Wannan kalma ce ta kai tura bango. Barira ta ji kunyar shekara guda da wata biyu ta zame mata daga kai kamar ɗankwali. Ta riga Hajiya kai hannu, ta ɗauke ɗanta, ta wurga shi baya a gaban kowa, ta ja zani ta ɗaure tamau, ta ƙara majanyi. Har takalmin Ilham sai da ya daina kuka.

"Ke Barira, lafiya? Sauke shi mana. Ko ba ki so ya yi tafiya da wuri kamar ubansa?"

Barira ta durƙusa har ƙasa da goyonta, kai a sunkuye, murya a tausashe kamar mai gaisuwar safe.

"Ki yi haƙuri, Hajiya, a bar wannan ya gama hutunsa tun yanzu. Wanda kika tayar a wata takwas ga shi can, shekara talatin da biyar gajiyar ba ta sake shi ba."