Hannun Daman Maidoki

Ran kasuwar Filinge da ta wuce, labari ya zaga tun daga wurin masu awon hatsi har tashar motocin Yamai, wai tobashina Maidoki, ɗan kawuna, ya sayar da hannunsa na dama. Wai wani Bature ne ya saya, ya bar masa ajiya kafin ya dawo ya kwance abinsa. Shi ya sa, in ji masu labarin, ba ya gaisawa da shi, ba ya cin tuwo da shi, kullum hannun na cikin safa kamar jariri cikin zane. Wata mai fura har rantsuwa ta yi ta ga tambarin Baturen a wuyan hannun.

Ku kwantar da hankali, jama'a. Hannun yana nan, nasa ne, babu ma wanda ya taya. Gita yake koyo.

Ai babban mutum ne Maidoki. Duk salular da ta mutu a bakin tasha, a rumfarsa take farfaɗowa. Ya tafi Yamai sayen wayoyin caji, ya dawo da gita a baya, da malafa, da sabon suna. Ya tara mu ya ce, "Daga yau kada a sake ce mini mai caji. Lartis nike." Wai mai fasaha ke nan da Faransanci. Muka ƙara masa da Mushe, malam ɗin Faransawa, muka ce to, Mushe Lartis, Allah ya ja zamani.

Malaminsa wani mutum ne da ke zaune cikin salula, mai haƙurin da ban taɓa gani ba, don ko sau dubu aka mai da shi baya ba ya fushi. Shi ya ce a yanke akaifun hagu ƙwal, a bar na dama su yi tsawo don tsinkar tsirkiya. Tun ran nan akaifun Mushe suka fi 'ya'yan gwamna gata. Ana goge su, ana hura musu iska, ana shafa musu man kaɗe. Tuwo sai da cokali. Gaisuwa sai da gwiwar hannu.

"Kiɗi iri biyu na," in ji Mushe, yana yi mana lacca. "Akwai na masu kwaɗa tsirkiya shida gaba ɗai, awa mai korar kaji. Wanga na jahilai na. Akwai na yatsu. Babban yatsa shina riƙe da ukku masu kauri, sauran yatsu ukku kowane da tashi siririya. Ƙaramin yatsa ko ba ya aiki, kallo shikai. Shi a tobashina."

Sai ya gwada mana. In babban yatsa ya tashi, sauran su tsaya kallo. In sauran suka tashi, babban ya yi barci. In Allah ya sa suka tashi tare, sai hagu ta manta inda za ta danna, tsirkiya ta yi zzz kamar ƙuda cikin gora. Harshe waje, gumi na zuba, wuya ya karkace. Akuyarmu mai ciki ta haihu ran nan, lokacinta bai yi ba.

To duk wannan wahala don Ramatu ce, ɗiyar Baushe manomi. Shi kuwa Baushe dokarsa ɗaya: ba ya karɓar goron wanda bai ga guminsa a gonarsa ba. Da lokacin maimai ya yi, ya aiko cewa mai neman Ramatu ya zo gayya da danginsa. In bai zo ba, ya bar takalminsa ya huta da hanyar gidan.

Muka tafi, mu dangi, kowa da hauyarsa. Sai da rana ta yi sama ango ya iso, cikin fararen kaya, gita a baya, hannu cikin safa. Ya kama hauya da hagu, ya shafi ciyawa kamar mai lallashinta, ya ajiye.

"Baba," ya ce wa Baushe, "kowa da irin guminai. Su na jiki, ni na basira."

Ya nemi gindin wata aduwa, ya tuɓe safa, ya fara. Ramatu da ta kawo mana fura ta rufe fuska da faifai. Mu muka duƙa muna noma don kunya, har muka gama gonar ba mu sani ba. Baushe kuwa ya dubi Mushe, ya ɗaga kai ya dubi aduwar da ɗazu take cike da tsuntsaye, yanzu ko gashi ɗaya babu. Ya daɗe yana duba. Muka koma gida muna yi wa auren ta'aziyya.

Sai da gero ya fitar da kai, tsuntsaye suka sauko kamar hadari, sannan saƙo ya zo. Baushe ya kafa rumfa mai tsawo a tsakiyar gona, yana roƙon Lartis ya zo ya yi masa kiɗa, safe da yamma.

Mushe ya rufe rumfar caji, ya bi kasuwa yana shela. "Kun gani? An gina mini podiyom. A Yamai ma sai manya aka yi ma haka. Tsohon ga ya san fasaha."

Ya hau. Ya tsinka. Tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya har rana ta dushe. Wasu sun faɗa gonakin maƙwabta, wasu an ce ba su sauka ba sai can garin Abala. Yaran da ke kaɗa gwangwani don korar tsuntsaye suka rasa aiki. Maƙwabta suka yi ta sintiri wurin Baushe suna neman aron suruki, ko na wuni ɗaya. Mushe yana can sama yana ɗaga musu malafa, ya ɗauka 'yan kallo ne.

Bana rumbun Baushe har ya yi kumburi. Ya karɓi goro, ya sa rana, ya kama gwiwar hannun Maidoki ya ce, "Ɗana, alfarma ɗaya nika roƙo. Yadda kiɗin ga yake, bar shi haka nan. Kada ka ƙara koyon komi."

Mushe ya ce wannan ita ce shaidar ƙwarewa.

Jiya na same shi a rumfarsa ta bakin tasha yana goge akaifu. Na ce, "Tobashi, barka. Na ji mutanen Abala na nemanka, wai ka zo ka kwashe baƙin da ka tura musu. Kuma an ce baɗi har kwangilar korar fara za a ba ka."

Bai ko ɗago ba. Ya hura wa akaifa iska, ya duba ta a rana.

"Kai ka yi ma Baushe noma da yatsu goma har bayanka ya ƙage. Mi ya ba ka? Hura. Ni da huɗu, ina zaune inuwa, ya ba ni ɗiya. Ran biki ka zo da wuri, ana neman mai ɗaukar kujeru."